Sojojin Ƙundunbala: Horon da Ke Hana Mutum Sauraron Jikinsa

Mutanen Mabera a cikin garin Sakkwato ba za su manta da ranar 8 ga Maris, 2012 ba. Da rana kata unguwar ta rikice da ƙarar bindiga, aka shafe awanni ana ɓarin wuta a kan gida guda. Sojojin ƙundunbala ne na Birtaniya, na rundunar da ake kira SBS, suka haɗu da jami'an tsaron Najeriya domin ƙwato injiniyoyi biyu, Baturen Ingila da ɗan Italiya, waɗanda aka sace a Birnin Kebbi wata goma kafin ranar. Ba a yi sa'a ba, masu tsare da su sun kashe su kafin a kai gare su. Bayan shekara takwas, a ƙarshen Oktoban 2020, sai ga na Amurka, 'yan rundunar SEAL, sun diro da laima cikin dare a arewacin Najeriya, suka ƙwace wani Ba'amurke da aka ɗauke daga Masalata kusa da Birnin Ƙonni, suka fice da shi kafin gari ya waye.

Ke nan ba a fim kaɗai muke ganin waɗannan mutane ba. Sun taka ƙasarmu, mun ga ranar sa'arsu, mun kuma ga ranar da suka koma hannu rabbana. Abin da ba mu cika gani ba shi ne hanyar da ake bi da saurayi har ya zama irin wannan soja. Samarinmu suna kallon guntayen bidiyo a waya, ga ƙarti ɗauke da gungume a bakin teku, jiki duk yashi, ana daka musu tsawa, sai sha'awa ta kama su. Ni ma takan kama ni. Sai dai akwai iyayen da aka miƙa wa gawar ɗansu alhali bai taɓa haɗa ido da abokin gaba ba, filin horo ne ya cinye shi. Lamarinsu ne ya sa na zauna in warware wannan batu.

A fara da bambance horo da tacewa. Kurtun da ya shiga Depot a Zariya, so ake yi a mai da shi soja, kuma burin malamansa shi ne yawancin waɗanda suka shiga su fito da kaki. A rundunonin musamman lissafin ya juya. Watannin farko tankaɗe da rairaya ake yi, an kuma san tun ranar farko cewa mafi yawan waɗanda ke tsaye a layi ba za su kai ƙarshe ba. Dalilin yana cikin aikin da ke jiransu. Aiki ne na mutum huɗu, ko shida, ko goma sha biyu, a can bayan abokan gaba, inda babu motar asibiti, babu ƙarin dakaru da za su iso cikin minti goma, babu babban hafsa da za a tambaya. Mutum ɗaya ya karaya a irin wannan wuri, ya ja wa sauran. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, don haka sai masu tacewar su ƙarar da miyar da gangan: a hana barci, a rage abinci, a jiƙa mutum, a gajiyar da shi, sannan a zuba ido a ga ko zai iya karanta taswira daidai, ko zai tuna da abokinsa, ko kuwa kansa kawai ya sani.

Rundunar SAS ta Birtaniya, wadda David Stirling ya kafa a 1941 a hamadar Arewacin Afirka, ita ce uwar wannan tsari, ƙasashe da dama daga gare ta suka kwaikwaya. Sau biyu a shekara take tace mutane, da rani da hunturu, a tsaunukan Brecon Beacons na yankin Wales. Mafi tsawo a cikinsu, Pen y Fan, mita 886 ne, ba wani dutsen a-zo-a-gani ba. Wahalar tana cikin yadda ake hawansa. Kowane mutum shi kaɗai yake tafiya, da taswira da na'urar nuna alƙibla, da jakar baya mai nauyi, da bindiga a hannu. Kullum nisan yana ƙaruwa, nauyin jakar ma haka. Tattakin ƙarshe ya kai kilomita 64, da kaya wajen kilo 25 a baya, kuma dole a gama cikin awa ashirin. Abin da ya fi ba ni mamaki a tsarinsu shi ne shirun malaman. Ba sa zagi, ba sa yabo. Ka iso shingen bincike, a nuna maka wuri na gaba a taswira, ka wuce. Babu mai ce maka sannu, babu mai ce maka ka makara. Idan kana son tsayawa, mota tana nan a gefe, ba wanda zai hana ka. Wanda ya tsallake tsaunuka sai a kai shi dajin Burunai mai ruwa da ƙwari, daga nan sai gwajin gudu da ɓuya, a sake shi a daji ana farautarsa, a kama shi, a rufe masa ido, a hana shi barci fiye da yini da kwana ana masa tambayoyi. Kusan mutum ɗaya cikin goma ne ke samun hular rundunar, alamar an karɓe shi.

Amurkawa nasu salon daban ne, hayaniya ce da ruwan sanyi. A Koronado ta jihar Kalifoniya ake tace 'yan SEAL, a kwas na mako 24, kuma abin da ya fi shahara a cikinsa shi ne makon da su da kansu suke kira makon jahannama. Da daren Lahadi ake farawa da ƙarar harbe-harbe, a kai har Juma'a, kwana biyar da rabi, kuma barcin da mutum zai samu gaba ɗaya bai wuce na awa huɗu ba. Ana gudu da kwale-kwalen roba a ka har fatar kai ta saluɓe. Ana ɗaga gungumen itace mutum shida ko bakwai. Ana jera su a bakin tekun Fasifik, su saƙala hannu da juna su kwanta, igiyar ruwa tana bi ta kansu har haƙora su riƙa kaɗawa, sannan a ce su yi birgima a yashi, yashin ya shiga hammata da matsematsi ya riƙa cin fata kamar sandifefa. A wasu makonnin akwai gwajin da ake ɗaure wa mutum hannu da ƙafa a jefa shi tafkin ninƙaya, da wanda malami zai bi shi ƙarƙashin ruwa ya ƙulle masa tiyon iska, a ga ko zai kwance shi da natsuwa.

A tsakiyar filin akwai ƙararrawa ta tagulla a rataye. Duk wanda ya ji ya ishe shi, zai je ya kaɗa ta sau uku, ya cire hular kwanonsa mai ɗauke da sunansa, ya ajiye a ƙasa kusa da na waɗanda suka riga shi. Kullum layin hulunan yana ƙara tsawo, waɗanda suka rage kuma ta gabansa suke wucewa. Bakwai zuwa takwas cikin kowane goma a wannan layi suke ƙarewa. A ganina duk sirrin horon yana rataye a jikin wannan ƙararrawa, haɗarinsa ma haka.

Hausawa suka ce jiki magayi. Manomi yana huɗa da rana, ya ji jiri ya ɗebe shi, zai ajiye garma ya nemi gindin bishiya. Ɗan dako a kasuwa ya ji ƙirjinsa yana zafi, zai sauke buhun ya zauna. Wannan birki ne da Allah Ya sa wa jikin ɗan Adam, kuma shi ke hana yawancinmu mutuwa a bakin aiki. To, tacewar sojojin musamman neman mutanen da ba sa taka wannan birki take yi. Wanda ke sauraron jikinsa ya kaɗa ƙararrawa tun ranar Litinin ya tafi. Waɗanda suka rage ranar Alhamis su ne waɗanda jikinsu ya daɗe yana faɗa musu su tsaya suka ƙi ji. Irin mutumin nan ake nema, kuma shi ne ba zai taɓa buɗe baki ya ce ina mutuwa ba, ko da mutuwar yake yi. A fagen sharo saurayi zai riƙe madubi ana zabga masa tsumagiya, ko gezau, domin aikinsa ke nan a wannan fage. Amma akwai manya a gefe masu ikon cewa ya isa. Wanda ya cire wa mutum birkinsa, shi ya zama birkin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan aka bi diddigin mace-macen da suka fi tayar da hankali a wannan horo, a nan ake samun ɓarakar.

Ranar Asabar 13 ga Yuli, 2013, tana cikin ranakun da suka fi zafi a Birtaniya a wannan shekara. Mutum 78 aka saka a tattakin kilomita 26 a Brecon Beacons, kowa da kaya sama da kilo 20, aka ba su ƙasa da awa tara. A cikinsu akwai sojojin wucin gadi, mutanen da ke da aikinsu na farar hula, sai lokaci-lokaci su sa kaki, kuma ba a yi musu tattakin share fage irin wanda aka yi wa sojojin dindindin ba. Tun kafin azahar mutane suka fara zubewa saboda zafi. Ƙa'idar ma'aikatar tsaron ƙasar a rubuce take: idan aka fara samun irin haka, a dakata a sake duba lamarin. Ba a dakata ba. A wasu shingayen ko ruwan sha babu.

Las Kofur Craig Roberts, mai shekara 24, ya faɗi saura kimanin kilomita ɗaya ya kai ƙarshe, ya rasu a ranar. Kofur James Dunsby, mai shekara 31, wanda ya yi yaƙi a Afganistan ya dawo lafiya, ya yanke jiki a kan hanyar saukowa daga Pen y Fan, ya yi sama da mako biyu a asibiti, gaɓoɓin cikinsa suka daina aiki ɗaya bayan ɗaya, ya rasu ranar 30 ga watan. Na ukun, Las Kofur Edward Maher, shi ma mai shekara 31, yana ɗauke da na'urar da ke nuna wa masu kula inda yake a kan allon kwamfuta. Na'urar ta nuna ya daina motsi, aka ɗauki dogon lokaci babu wanda ya lura. Da aka iso wurinsa an same shi a zaune, gorar ruwa a hannu ɗaya, guntun cakulan a ɗaya hannun, rai ya riga ya yi halinsa. Duk lokacin da na tuna da wannan hoto sai jikina ya yi sanyi. Mutum ne da ya zauna ya ɗan huta ya tashi ya ci gaba, domin a tunaninsa abin da ya rage ke nan.

Na san mai karatu a Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas zai tsaya a nan, musamman in ya ji cewa zafin ranar wajen digiri 27 ne a ma'aunin Salshiyas. Wannan ai a wurinmu iskar damina ce. Amsar ita ce, zafin da ke kashe soja daga cikin jikinsa yake fitowa. Tsoka in tana aiki, mafi yawan ƙarfin da take ƙonawa zafi yake zama, mai hawan dutse da kaya kuma tanderu ne mai tafiya. Hanyar da jiki ke fitar da wannan zafi ita ce gumi ya bushe a kan fata. Idan babu iska, ga laima a sararin sama, ga kaki, ga jaka ta rufe baya, gumin zuba kawai yake yi ba ya sanyaya komai. Ga kuma sabo: jiki yana buƙatar kwana goma zuwa mako biyu kafin ya saba da aiki cikin zafi, waɗannan kuwa 'yan ƙasar sanyi ne da zafin ya faɗo wa bagatatan. Da zarar zafin cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ce ke fara rikicewa. Mutum ya ruɗe, ya yi ta faɗa, ya ɓata hanya, ya rantse lafiyarsa lau. Wato gaɓar da za ta yanke shawarar tsayawa ita ce ta fara lalacewa. Daga nan sai hanta da ƙoda, sai jini ya daina daskarewa yadda ya kamata. Abin takaicin shi ne maganin ba mai tsada ba ne. Likitocin wasanni sun daɗe da tabbatar da cewa wanda aka tsoma cikin ruwan ƙanƙara a cikin rabin awa da faɗuwarsa, kusan kullum yana tashi. Abin da ake buƙata shi ne wani ya gan shi da wuri.

Akwai kuma ciwon da ke biyo bayan wahalar da tsoka fiye da kima. Naman jiki ya farfashe, abin da ke cikinsa ya kwarara cikin jini ya toshe ƙoda. Alamarsa fitsari ya koma kamar baƙin shayi. Saurayin da ke tsoron a cire shi daga kwas zai ga wannan fitsari da idonsa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Sanyi ma haka yake yi, ta ɗaya gefen. A waɗannan tsaunuka na Wales ne Manjo Mike Kealy ya mutu a Fabrairun 1979. Shi ne ya jagoranci 'yan SAS tara a yaƙin Mirbat na ƙasar Oman a 1972, inda suka tsaya wa ɗaruruwan mayaƙa, ya fita da rai da lambar yabo. Ya shiga tattakin hunturu ne don ya gwada ƙarfinsa, sanyi ya kashe shi. A Fabrairun 1995 kuma, ɗaliban makarantar Ranger ta sojan Amurka huɗu suka mutu a wata fadama ta jihar Fulorida, bayan an bar su awanni cikin ruwan da ya fi zurfin da aka zata, sanyinsa wajen digiri 11. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki ninki ashirin da wani abu fiye da iska, kuma da zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35 tunani ya fara dushewa. Wani ma sai ya riƙa tuɓe rigarsa yana jin wai zafi yake ji.

Labarin da ya fi fito da wannan matsala fili shi ne na Kyle Mullen. Ɗan jihar New Jersey ne, mai shekara 24, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka a jami'ar Yale, ƙaƙƙarfa na gaske. Ranar 4 ga Fabrairu, 2022, ya kammala makon jahannama. Bai kaɗa ƙararrawa ba, ya yi nasara. Amma kwanaki ya yi yana tari yana tofar da ruwa mai jini, jikinsa a kumbure, har sai da aka tura shi ɗakin kwana a keken marasa lafiya. Masu ninƙaya cikin ruwan sanyi suna da wani ciwo da aka sani, ruwa ya taru a huhu, kuma ya zama ruwan dare a wannan kwas har an daina ɗaukarsa da muhimmanci. An duba shi, aka sallame shi ya je ya huta. Waɗanda aka bari su kula da shi matasan sojoji ne da ba su da ilimin jinya. Suna kallo yana ta cika gora da abin da yake tofarwa. Shi kansa ya ƙi a kai shi asibiti, domin yana tsoron a mayar da shi baya, ya sake shan wahalar da ya riga ya sha. Kafin a kira motar asibiti lokaci ya ƙure. Bayan 'yan awanni da nasararsa ya rasu, binciken gawa ya nuna nimoniya ce mai tsanani, wato ciwon huhu. Mahaifiyarsa ma'aikaciyar jinya ce, ta yi magana da shi ta waya a ranar, ta ji yadda numfashinsa yake, ita ce kuma ta tsaya kai da fata har sai da aka buɗe bincike na gaske.

Rahoton da rundunar ruwan Amurka ta fitar a Mayun 2023 bai ɓoye laifin gida ba. Ya ce sashen kula da lafiya na kwas ɗin ba shi da tsari, ba shi da jagoranci nagari. Ya ce malamai sun ƙara tsananta horon fiye da yadda aka saba ba tare da an sa musu ido ba, har yawan masu ficewa ya yi tashin gwauron zabo, shugabanni kuma suka ɗora laifin a kan raunin samarin zamani. Sannan ya taɓo wani abu da ake rufa-rufa a kai. An samu magungunan ƙara ƙarfi a motar Mullen, da aka bincika kuma aka ga ba shi kaɗai ba ne. Wannan ya kamata ya dami duk mai son rundunar. Idan aka ɗaga ma'auni har ya wuce abin da lafiyayyen jiki zai iya, masu allura ne za su riƙa tsallakewa, kuma tacewar da aka shirya don gano mai gaskiya da juriya sai ta koma tana zaɓo wanda ya iya maguɗi. Daga Nuwamban 2023 aka fara yi wa 'yan rundunar gwajin waɗannan magunguna ba tare da sanarwa ba.

Kafin Mullen akwai James Lovelace, mai shekara 21, wanda ya nutse a tafkin horo a Mayun 2016, a makonsa na farko, bayan wani malami ya riƙa danna shi cikin ruwa alhali yana fama. Likitan da ya binciki gawar ya rubuta cewa kisa ne, rundunar ba ta gurfanar da kowa ba. A Koriya ta Kudu kuwa, a Satumban 2014, saje biyu na dakarun musamman suka mutu a gwajin jure kamu, an ɗaure musu hannu ta baya, an rufe musu kai da ƙyalle sama da awa ɗaya har numfashi ya gagara. Sun yi ihun neman taimako, masu kula suka ɗauka duk cikin wasan ne. Wannan shi ne mugun tarkon horon da ake kwaikwayon azaba a cikinsa: kukan gaske da kukan gwaji sautinsu ɗaya ne.

Samun hula kuma ba ya kawo ƙarshen haɗarin. Sojan musamman rayuwarsa duk atisaye ce, da harsashin gaske, da dirowa daga jirgi cikin duhu, da nutso, da abubuwan fashewa. A daren 12 ga Yuni, 1996, jirage masu saukar ungulu biyu suka yi karo a sama kusa da Townsville ta Ostareliya a lokacin atisayen ceto mutanen da aka yi garkuwa da su, mutum 18 suka mutu, 15 daga cikinsu 'yan SAS na ƙasar. Wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya ƙirga sojoji 135 da suka mutu a horo da atisaye tsakanin farkon 2000 da farkon 2016.

Masu kare tsananin horon suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Sukan ce gumin da aka zubar a filin horo shi ke rage jinin da za a zubar a fagen daga, kuma wanda bai taɓa dirowa cikin duhu a gida ba, ba a daren farmaki zai koya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na yarda cewa aikin da ake yi da jirgi da harsashi da teku ba zai taɓa rabuwa da haɗari ba, wanda ya shiga kuma ya san da haka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki mutuwar Maher ko ta Mullen a jefa cikin wannan kwando. Kallon allon kwamfuta ba ya rage wa tattaki tsawo. Ajiye ma'aikacin jinya a ɗakin waɗanda suka gama makon jahannama ba ya sa makon ya yi sauƙi, an riga an gama gwajin, an san sun ci. Ruwan sha a shinge ba ya mai da rago jarumi. Sakaci ne ake sa wa rigar jarumta, kuma sirrin da ke lulluɓe da waɗannan rundunoni yana taimaka masa ya ɓuya.

Har ila yau, shan wahala daban, shirin yaƙi daban, kuma wannan darasi a ƙasar Nijar aka koye shi. Ranar 4 ga Oktoba, 2017, aka yi wa tawagar sojojin musamman na Amurka da abokan aikinsu na Nijar kwanton ɓauna a Tongo Tongo kusa da iyakar Mali. Amurkawa huɗu suka mutu, da sojojin Nijar aƙalla huɗu. Waɗanda ke cikin tawagar sun yi faɗa na maza, babu mai musun wannan. Amma binciken ma'aikatar tsaron Amurka na 2018 ya gano cewa tawagar ba ta samu cikakken horo tare a matsayin ƙungiya ɗaya ba kafin a turo ta, saboda sauye-sauyen mutane, kuma ba ta gwada matakan ko-ta-kwana da sojojin Nijar ba kafin fita. Juriyar mutum ɗaya ba ta cike gurbin wannan.

Batun ya shafe mu kai tsaye, domin ƙasashenmu ma sun shiga wannan hanya tun da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga ya tsananta. Najeriya tana da makarantar horar da dakarun musamman a Buni Yadi ta jihar Yobe, da bataliya ta 72 a Makurdi, rundunar ruwanta ma tana da tata SBS. Nijar ta karɓi baƙuncin Flintlock, atisayen haɗin gwiwa na dakarun musamman da Amurka ke jagoranta, a 2014 da 2018. Yaran da ke shiga waɗannan wurare ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, kuma zafin Yobe a watan Afrilu yana haura digiri 40 tun kafin mutum ya ɗauki jaka. Gungume da tsawa da birgima a taɓo ba su da wuyar kwaikwayo, kowa ya gani a bidiyo. Fatana shi ne a kwaikwayo har da abin da bidiyo ba ya nunawa: na'urar auna zafi da laima kafin a fita, kwamin ruwan ƙanƙara a bakin fili, likitan da ke da ikon tsayar da atisaye ko da kanar ne ya ba da umarni, da bincike a bainar jama'a idan aka rasa rai, yadda uwa za ta ji ainihin abin da ya faru da ɗanta.

Ko a Birtaniya wannan na ƙarshe bai zo da sauƙi ba. Iyalan mutum ukun nan na Brecon sun jira shekara biyu kafin mai binciken musabbabin mutuwa, Louise Hunt, ta yanke a Yulin 2015 cewa sakaci ya taimaka wajen mutuwarsu, kuma da an bi ƙa'idar da ke rubuce da sun rayu. Ma'aikatar tsaro ta nemi afuwa. A Maris na 2016 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta yi mata tsawatarwa a hukumance, wanda shi ne iyakar abin da za ta iya, domin doka ta ba ma'aikatar kariya daga gurfana gaban kotu a irin wannan laifi. A 2018 aka kai sojoji biyu da suka kula da tattakin gaban kotun soja, ba a ma bayyana sunayensu ba. Kotun ta sallame su, bisa dalilin cewa su kansu ba a taɓa koya musu yadda ake auna haɗarin zafi ba. Daga cikin waɗanda alhakin koya musu ya rataya a wuyansu, babu wanda aka gurfanar.